Hoton da Na Gyara wa Yaya

Shekara ashirin da biyu ina sana'ar hoto, kuma in ka tambaye ni abin da na fi iyawa, ba ɗauka ba ne, gyara ne. Kawo min fuskar da ƙuraje suka yi wa kaca-kaca, ka je ka sha ruwa ka dawo, za ka tarar da ita sumul. Na rage wa mutane hanci, na cike giɓi, na mayar wa masu sanƙo gashin da suka rabu da shi tun kafin a haifi 'ya'yansu. Ba wanda ya taɓa cewa in yi, ba kuma wanda ya taɓa tambayata don me na yi. Mutum zai karɓi hotonsa ya duba, ya gyaɗa kai ya ce, "Kai, kyamarar nan taka tana da kyau." Ni kuma in ce masa ai sabuwa ce.

Na faɗi wannan ne don ku san irin mutumin da yayata ta ɗauko ta naɗa alƙali.

Yaya ta girme ni da shekara tara. Da mahaifiyarmu ta rasu ina ɗan shekara takwas, ita ta ajiye karatu ta shiga aikin wanki da guga a wani dogon shago da ke bayan otal. Injin wanki uku a ƙurya, teburin guga biyu a tsakiya, sai layin riguna a rataye daga wannan bango zuwa wancan. Sau uku shagon yana canza mai shi, kowanne ya zo sai ya tarar da Yaya a teburinta na kusa da taga, ya tafi ya bar ta a nan. Tana da shekara goma sha tara bututun tururi ya fashe mata a fuska. Ya bar mata tabo daga kunnen hagu har zuwa haɓa, fatar wurin ta tattare tana ƙyalli. Ta yi sati uku a kwance ta koma bakin aiki.

Mace ce mai gaskiyar da har takan ba ni haushi. Duk abin da ta tsinta a aljihun mutane, ko maɓalli ne, sai ta sa a ambulan ta maƙala a jikin hanga. In takarda ce a ninke, a ninke za ta koma ga mai ita, ko leƙawa ba ta yi. Ta san mazan unguwar nan ta kwalar rigunansu: wanda ake kula da shi a gida, da wanda shi yake kula da kansa, da wanda ba ya canza riga sai ta gaji da shi. Ta taɓa aure. Wani direban motar kaya ne da yake kawo mata wanki, ya gan ta da tabonta ya ce ya ji ya gani. Shekara goma sha ɗaya suka yi, ba su samu haihuwa ba, ciwo ya ɗauke shi. Tun daga nan take zaune ita kaɗai a ɗaki biyu, daga ita sai rediyo da shuke-shuken da take rainonsu a gwangwanayen fenti. Har gobe Auta take kirana, ko a gaban 'ya'yana, ga furfura ta fara fito min a gemu.

Wata rana da yamma ta shigo shagona, ta jira har mai ɗaukar hoton fasfo ya fita, sannan ta ciro wayarta ta ajiye a kan tebur kamar wadda ta kawo kayan sata.

"Auta, wata tambaya zan yi maka, amma in ka yi dariya zan tashi in tafi."

Na haɗiye dariyar tun kafin in ji tambayar. Ashe abokiyar aikinta ta tebur na biyu ce ta samu miji a wata manhajar haɗa masu neman aure, irin ta kyautar nan, har ta saka wa Yaya a waya. Sati biyu abin yana zaune a wayar ba ta buɗe ba.

"Na gaji da magana da rediyo," in ji ta, idonta a ƙasa. "Amma abin kyauta ne, ban san su waye a ciki ba. Kai da ka san harkar nan, a yarda da su?"

Wayyo, da kun ga yadda na gyara zama. Na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya na ce mata ta kawo kuka inda ya dace. Na ce ita manhajar ba ruwanta da kowa, ƙofa ce a buɗe ba mai gadi, mutumin kirki ya shiga, ɗan damfara ya shiga, ita dai a kalli tallace-tallacenta. Na ce amma ƙarya ko wace iri ce sai ta bar sawu a hoto, ni kuwa sawun nan na san shi ko a mafarki. Duk namijin da ya yi mata sallama ta kawo min shi in auna.

Da farko sai da aka nemi hotonta. Na zaunar da ita a kan kujerar da nake zaunar da kowa, na ja labule ruwan toka, na juyar da fuskarta kaɗan yadda gefen hagu zai faɗa inuwa. Da ta tafi na ɗora hoton a kwamfuta. Wallahi ban zauna na yanke shawarar komai ba. Hannuna ne kawai ya kama aikin da ya saba. Na share abin da ya rage na tabon. Da na share sai na ga gefen ya fi ɗayan santsi, na daidaita. Na ɗauke layukan goshi, na ɗaga ƙasan ido, na ɗan haska fatar. Kafin in farga na rage wa yayata shekara goma sha biyar, ina ta yaba wa kaina.

Da ta gani ta daɗe tana kallo. "Ina tabon?"

"Yaya, ɗan haske kawai na ƙara. Kowa haka yake yi."

Ta sa wayar a jaka.

Na kafa mata dokoki uku, har da ɗaga yatsa. Kar ta tura wa kowa wani hoton bayan wannan, don ana haɗa hotunan mata da abin da bai dace ba. Kar ta amsa kiran bidiyo, don ana naɗa. Kar ta faɗi inda take aiki. Saƙon murya kaɗai na yarje mata, shi ma da ƙyar.

Daga nan kotu ta fara zama. Kowace Asabar bayan ta tashi aiki sai ta zo da wayar, in tura hotunan mazan a kwamfuta in buɗe su har sai ƙofofin gashi sun fito. Wani na nuna mata yadda ƙofar da ke bayansa ta lanƙwashe daidai cikinsa, alamar an matse tumbi. Wani ya ce bai taɓa aure ba, ga takalmin yara nan a ƙarƙashin kujerarsa, ƙafa uku. Wani ya jingina da wata dalleliyar mota, na buɗe gilashin motar sai ga mai ita a zaune a ciki yana hararar sa. Akwai mutum biyu, ɗaya injiniya ɗaya likita, suna daban, gari daban, amma labulen da ke bayansu ɗaya ne har da inda ya yage. Yaya tana riƙe baki tana salati, ni kuma kaina yana ƙara girma. Har matata na riƙa ba wa labari a gida, ta gaji ta ce in dai na gama ceton duniya in zo in gyara famfon banɗaki.

Mutum ɗaya ne ya tsallake. Wani mai gyaran agogo, matarsa ta rasu, yana da 'ya ɗaya da ta yi aure. Hotonsa shi ne mafi muni da na taɓa gani a rayuwata. Daga ƙasan haɓa ya ɗauka, ƙofofin hancinsa ne a gaba, rabin fanka a sama, ido a kanne kamar yana neman inda ake dannawa. Na duba sama, na duba ƙasa, ba a taɓa ko ɗigo ba.

"Wannan mai gaskiya ne," na ce. "Babu maƙaryacin da zai yarda a gan shi haka."

Wata uku suna aika wa juna murya. Ta taɓa kunna min ɗaya. Yana tambayarta yadda ake cire man inji daga hannun riga, ta gaya masa, ya dawo ya ce ya gwada, man ya fita, amma hannun rigar ma ya kusa bin sa. Yaya ta yi dariyar da rabon da in ji ta tun mijinta yana da rai. Ta sayi sabon mayafi. Ta fara rera waƙa a bakin guga, abokiyar aikinta ce ta tsegunta min. Na yi murna ƙwarai, kuma ba zan ɓoye ba, rabin murnar ta cewa ni na zaɓo shi ce.

Sau biyu yana roƙon su yi kiran bidiyo. Sau biyu ina cewa a'a. A na biyun Yaya ta zo ta zauna ta ce, "Auta, ina so in gaya masa zancen tabon. Abin yana damuna. Jiya ya tambaye ni ko hoton nan ni ce, na ce ni ce, amma bakina ya yi min nauyi."

"To ba ke ba ce? Ni na ɗauka da hannuna."

"Ka san abin da nake nufi."

Na ce mata irin wannan magana ba a yin ta a waya. In ta faɗa da baki zai zana abin a ransa ya fi yadda yake. Ta bari ya gan ta ido da ido, ya ji hirarta, tabo ba zai zama komai ba. Na yi ta zuba kamar wanda ya aurar da mata ɗari. Ta ji maganata don a tunaninta na san duniya, ni da iyakacina daga gida zuwa shago.

Da za su haɗu ni na zaɓi wuri. Na ce shagona, ƙarfe huɗu na yamma, a gaban idona, don tsaro. Da safe na share shagon, na sayo lemo mai sanyi. Sai wata dabara ta faɗo min, irin dabarar da sai mai hoto za ta faɗo wa. Na wanke hoton nan nata babba, na sa a firam, na rataye a saman bencin baƙi, wai don da ya shigo ya san bai yi ɓatan kai ba. Yaya ta iso da sabon mayafinta, hankalinta a tashe, ko bango ba ta kalla ba. Ta zauna a bencin, daidai ƙarƙashin hoton.

Huɗu daidai ya yi sallama, ai mai agogo ne. Gajere, riga fara an goge ta da ƙoƙari, da 'yar leda a hannu. A fili ya fi hotonsa kyau nesa ba kusa ba. Idonsa ya fara sauka a kan firam ɗin, fuskarsa ta washe. Sannan ya sauko da ido ya ga mace a zaune, ya ɗan rusuna da ladabi.

"Sannu da hutawa. Ko ke ce yayarta?"

Ina tsaye a bayan tebur da kwalbar lemo a hannu, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yaya ta ce, "Ni ce."

Kalma biyu, amma muryar da ya yi wata uku yana saurara ce. Ya kalle ta. Ya kalli bango. Ya sake kallonta, idonsa ya tsaya a kuncin hagu, murmushin ya zube daga fuskarsa. Bai fi daƙiƙa biyu ba ya tattaro shi ya mayar, amma mun gani, ni da ita. Sai a lokacin Yaya ta juya ta ɗaga kai ta ga abin da na rataye mata a ka.

Ya zauna. Ya sha lemo rabi. Ya yi zancen zafi da cunkoson hanya, ita kuma tana amsawa da i da a'a. Ni kuwa sai na shiga goge kyamarar da ba ta da ƙura. Minti goma ya duba agogonsa ya ce ya bar shago ba kowa. Ya ajiye ledar a gefen benci ya fita. Yaya ba ta buɗe ba. Ta gyara mayafinta ta bi ɗaya hanyar. Da na buɗe ledar, wani ɗan agogon hannu ne na mata, tsoho, an wanke shi an sa masa sabuwar fata.

Kwana uku ban iya cin abincin kirki ba. Matata da ta ji abin da ya faru ta dube ni ta ce, "Kai ka tantance maza arba'in, wa ya tantance ka?"

A rana ta huɗu na wanke hoton na asali, wanda ban taɓa ba, na haɗa da gyararren na tafi neman Mai Agogo. Wani ɗan akurkin shago ne a ƙarƙashin matattakalar bene, agogo ta ko'ina, kowanne da lokacinsa. Na tsaya a gabansa na zayyana masa komai: ni na gyara, ni na hana bidiyo, ni na hana ta faɗa. Ya karɓi hotunan ya maƙala ɗan gilashin nan nasu a ido, ya duba wannan, ya duba wancan.

"Aikinka yana da kyau," in ji shi. Ban taɓa jin yabon da ya ƙona ni haka ba.

Ya ce sau biyu ana yi masa haka a manhajar nan. Ta farko ashe wani ƙato ne yake maƙe murya. Ta biyu hoton wata ta ɗauko. 'Yarsa ta yi ta ja masa kunne a kan Yaya, ta ce hoto ya cika kyau, ga ƙin kiran bidiyo, alamun 'yan damfara ke nan. Wato duk dokokin da na kafa don kare yayata su suka sa mata rigar mayaudara. Ya ce da ya ga fuska biyu a shagona abin da ya zo masa shi ne, an kuma. Sai da ya koma gida ya sake sauraron muryoyinta ya gane ba haka ba ne, kunya kuma ta hana shi kira.

"Ka gaya mata ni hirarta nake so. Tabo kuwa, wa ya kai shekarunmu ba shi da nasa? In ta yarda in zo in ba ta haƙuri da bakina."

Na fito ina tafiya ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Kun ga halin nawa ko? Ko awa ɗaya ban yi da neman gafara ba, har na fara lissafa yadda zan ba da labarin cewa ni na ɓata, ni na gyara.

Na same ta a wurin aiki, ita kaɗai, injinan wanki suna ta juyi. Tana guge wata farar riga. Na nuna mata agogon da ya bari a leda, na kwashe saƙon na faɗa mata, har da ɗan ƙari, don hannuna ba ya iya barin abu yadda yake. Ta saurara ba ta ɗago ba. Ta gama kwala, ta gama hannu, ta juya rigar.

"Mutumin kirki ne," ta ce. "Ka mayar masa da agogonsa, ka ce na gode."

"Yaya, ai ya ce tabon bai dame shi ba!"

Ta kafa dutsen gugar a tsaye, sannan ta dube ni.

"Shekara talatin duk wanda ya fara ganina sai ya yi min wannan kallon. Mai kawo wanki, mai mota, yara a hanya. Na saba, ko a jikina, don ba su san ni ba. Shi kuwa ya san ni, Auta. Wata uku na gaya masa abin da ban gaya wa kowa ba. Da hotona na gaskiya ya gani tun farko, da ya yi kallonsa shi kaɗai a shagonsa, inda ba na gani. In ya so ya zo, in bai so ba ya wuce, ban san an yi ba. Yanzu kuwa na gani. Ko shekara ashirin muka yi tare, duk ranar da ya dube ni sai na nemi wannan fuskar a cikin tasa."

Na ce laifina ne. Ta ce ba nawa ne ni kaɗai ba, ita ma ta ga hoton ta yi shiru, don ya yi mata daɗi, har takan buɗe shi a wurin aiki ta kalla. Ta ce abin da bai yi mata daɗi ba shi ne sanin cewa yaron da ta goya, in aka ba shi fuskarta, abin da zai fara yi shi ne sharewa. A nan hawaye suka zubo min, ƙato da ni, a tsakiyar rigunan mutane. Ban san ina ganin tabon nan a matsayin abin gyara ba sai da ta faɗa.

Ta ciro wayar daga aljihun rigar aikinta ta miƙo min. "Cire ni daga abin nan. Ban san inda ake dannawa ba."

Na shiga na nemo wurin. Kafin ta sake ka, manhajar sai ta tambayi dalilin tafiyarka, ta jero amsoshi ka zaɓa. Na ce mata sai an zaɓi ɗaya. Ta ɗauki dutsen gugar ta ce in karanto.

"Na samu wanda nake nema."

"Wuce."

"Ba na samun masu yi min magana."

"Wuce."

Na ga ta ukun, na yi shiru. Ta ce in karanta mana, tana da aiki a gabanta.

"Wani ya yaudare ni da hoton ƙarya."

Ta tsayar da hannunta a kan rigar. Ta daɗe tana kallona, har na ji ƙaurin yadi ya fara tashi, ta ɗaga dutsen da sauri.

"Wuce wannan ma, Auta," ta ce. "Ba zan kai ƙararka wajen baƙi ba."